Ranar da Oga Callistus Ya Zama Bamba

Kafin masu ƙosai su sauke kaskon farko, Oga Callistus ya riga ya iso gindin mangwaron nan na bakin titin Kachia, a Sabon Tasha, ya shimfiɗa buhu ya jera sifanu. Ba shi da gareji mai rufi. Abin da yake da shi kunne ne, da tafin hannun da ya daina tsoron zafin ƙarfe, sai kuma baki. Duk direban da ya kawo masa mota tana tururi, sai ya sha faɗa tukuna. "Ka buɗe murfin lagireto tana tafasa? Fuskar taka aro ka yi?" Yanzu da gwiwoyi suka gaji, 'ya'yansa suka matsa ya ajiye aiki a ƙarshen 1988 ɗin nan, ya kamata a faɗi alherinsa yana ji.

Masu bas na Kakuri za su ba ka labarinsa har ka gaji, yadda yake jin kukan fambel ya saki daga tsallaken titi. Amma wanda ya fi yawo shi ne na ranar auren Lydia.

Lydia ma'aikaciyar masaƙa ce. Mahaifinta ya rasu bai ga aurenta ba, ya bar wata tsohuwar fijo 404. Dangin ango sun kawo sabuwar mota, ta ce atafau, motar babanta ce za ta kai ta coci. Rabaran mai ɗaura auren kuwa ba ya jiran amarya. Ya riga ya faɗa cewa yana da jana'iza a Kamazou, in aka makara aure sai wani watan.

Mama Celina, shugabar zumuntar mata, ita ta ɗinka wani ƙyalle mai kauri da sunan amarya da ango. Aka lulluɓe shi da leda saboda damina, aka ɗaure a gaban motar daga fitila zuwa fitila, aka yi masa addu'a.

Sai ga tirela ta kife a hanya, gosulo ya haɗu. Ana ta jan ciki, allurar zafi ta hau ja, tururi ya taso daga bonet, daidai kusa da mangwaron nan. Nan take kowa ya zama bakanike. Wani ya ce gasket ya ƙone, wani ya ce a zuba ruwan sanyi. Mama Celina ta ce aikin maƙiya ne, ta fara tsawata wa Shaiɗan.

Oga Callistus ya ratso su, ya sa direba ya kashe inji. Ya bar ta ta huce, matan zumunta masu rakiyar amarya na ta hararar sa, sannan ya buɗe murfin da tsumma. Ruwa ya ragu, amma babu mai a ciki, ashe gasket lafiya lau. Tiyo ba ya yoyo, fambel a ɗaure tam. Ya ƙara ruwa, aka tayar, fanka na juyawa. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ransa bai so ba, don ya tsani mota ta raina masa hankali a gaban jama'a. Can ya ga ledar gaban motar ta lotsa ciki ta manne, kamar zanen da iska ta liƙa wa mace a ƙafa.

"Mama, wa ya toshe wa motar nan hanci?"

"Wane hanci kuma, Oga?"

"In tana gudu, tana ɗan samun iska ta ƙasa. A gosulo fanka kaɗai ke ja mata, ku kuma kun ɗaura mata kallabi. Ba maƙiya ba ne, Mama, masoya ne."

Mama Celina ta riƙe ƙugu. "An yi wa ƙyallen nan addu'a. Shi zai ja gaba har ƙofar coci. Wanda ya jefar da shi, shi da Allah."

Wani ya ce amarya ta hau babur kawai. Lydia ta leƙo ta taga, hawaye ya yi layi a kan hodar fuskarta. "Oga, don Allah. Ni a motar nan nake so in je."

Oga Callistus, kai ne mai faɗan da bai taɓa barin mutum a titi ba. Kai ne ka kwance ƙyallen nan, ka ɗaura shi a ƙirjinka a kan rigar da ta sha baƙin mai, ka ce, "To, zai ja gaba. Yau ni ne bambar motar."

Haka ya shige gaba da ƙafa, yana buɗe hanya ta gefen titi, motar na biye da shi, matan zumunta na waƙa a baya. Fasinjojin bas suka leƙo suna ihu, "Ango, ka sha ƙamshi!" Shi kuwa fuska a murtuke, sai ya koma ya dafa bonet ya ji zafinta, ya sake yin gaba.

Sun iso Rabaran na tayar da babur ɗinsa. Lydia ta sauko, ta ɗora tafinta a kan bonet, ta ce a hankali, "Baba, mun iso." Oga Callistus ya juya baya, wai hayaƙin salansar mota ne ya shige masa ido.

Mun gode, Oga. Allah ya huta da gwiwoyin nan da suka yi tattakin da ba a saka su ba. Ku kuma masu riƙe da sifana a yau, in an kawo muku tsohuwar mota, kafin ku ce a hau babur, ku tambaya ta wa ce.