Ta'aziyyar Orval Stidham, Wanda Ya San Inda Ya Haƙa

Ranar Talata, ashirin ga watan Mayu, da hantsi, Orval Stidham ya rasu a asibitin gundumarmu yana da shekara saba'in da biyu, kwana uku bayan mahaukaciyar guguwar da ta share kudancin garin nan. Likitoci sun ce ciwon zuciya ne. Ni Harlan Tackett na san abin da ya tsayar da zuciyar, shi ya sa na ɗauki alƙalami duk da ban saba ba.

Orval, shekara arba'in ka yi kana haƙa wa mutanen wannan yanki na Oklahoma ramukan ɓuya daga guguwa. Ba ka iya aikin sha-yanzu-magani-yanzu ba. In ka haƙa jar lakar nan tamu ka saukar da ɗakin ƙarfe, sai ka kewaye shi da kankare har ka gamsu, domin ka ce ramin da ba a ɗaure ba, damina ɗaya ta isa ta tunkuɗo shi sama kamar ƙwarya a kan ruwa. Kuma ba ka kiran aiki ya ƙare sai wanda ya fi kowa tsufa a gidan ya sauka matakala ya hau da ƙafarsa kana kallo. Na tuna wata gwauruwa ta bayan coci da gwiwarta ta hana ta sauka. Sau uku kana komawa kana gyara mata abin dafawa, ranar da ta sauka ita kaɗai har hularka ka cire kana dariya.

Nawa ramin ka haƙa shi shekara shida da suka wuce, a bayan kicin. Da ka gama ka miƙo mini wata takarda ka ce in kai ofishin 'yan kwana-kwana a yi wa ramin rajista, don in gida ya rufta a kansa masu ceto su san inda za su tona. Ni kuwa ɗan ubana ne. A gidanmu ba a son gwamnati ta san ko kaji nawa ne a akurki. Na ce maka abin da ke ƙarƙashin ƙasata ba ruwan kowa da shi.

Ka dube ni ka ce, "Kai Harlan, wa ya damu da raminka? Me ka ɓoye a ciki, gwangwanin wake? Kai takardar nan, tsohon banza, tun kafin taurin kai ya kashe ka."

Na yi dariya na jefa ta a aljihun mota. Duk shekara in bazara ta kama, muka haɗu wurin shan kofi, sai ka tambaye ni, ni kuma in yi kunnen uwar shegu. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ranar Asabar da la'asar jiniyar gargaɗin guguwa ta yi kuka. Ni da matata Nadine muka sauka cikin ramin muka ja ƙofa. Minti biyu ba su cika ba gidan da muka yi shekara talatin a ciki ya tashi. Da ƙarar ta lafa na tura ƙofa, ko motsi. Ginshiƙin rufi ne ya kwanta a kanta da rabin bango. Waya ba ta shiga. Can sai muka ji sanyi a ƙafa: bututun ruwan gidan ya fashe, yana zuba ta ramin shan iska.

Muna jin motocin ceto suna wucewa a titi. Ba su da laifi ko kaɗan, suna bin gidajen da ke cikin takardarsu ne, namu kuwa babu shi a ciki. Na yi ihu har muryata ta dishe. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Nadine gajeruwa ce, na ɗora ta a kan benci, ruwan ya bi ta can. Ba ta zage ni ba, hannuna kawai ta riƙe. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ruwa yana ƙirjinta muka ji ana buga ƙarfe a bisa kanmu, sannan muryarka: "Harlan! Kana raye ko in koma?"

Kai kaɗai ne, da jak ɗin mota da zarto da sarƙa. Fiye da sa'a ɗaya kana yanka katako kana ja da a-kori-kurarka. Da ƙofa ta buɗe kai ka ciro Nadine da hannunka. Ni na fito na same ka zaune a kan ɓaraguzai, fuskarka ta yi fari fat, hannu a ƙirji. Ka ce gajiya ce. Daga nan aka ɗauke ka, ba ka sake takawa da ƙafarka ba.

Sai a wurin jana'iza na ji sauran labarin. Ashe gidanka ma ya rufta, matarka Lorene tana cikin raminku ita kaɗai, kai kana wajen gari lokacin da abin ya faru. Ka zo har ƙofar gidan, ka yi mata magana ta ramin iska, ka ji lafiyarta ƙalau, sannan ka juya mota ka nufo wurinmu. Sa'a huɗu ta yi a cikin duhu kafin 'yan kwana-kwana su ciro ta. Na je gabanta a coci na kasa haɗa ido da ita. Ita ce ta yi magana.

"Harlan, ɗago kanka. Ni ya san za a zo a ciro ni, sunana yana takarda. Ku ne duk duniya ba wanda ya san kuna ƙasa sai shi."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Aikin mazaje shida tsoho ɗaya ya yi, saboda takardar da ba ta kai tafin hannu biyu ba, wadda na ƙi kaiwa don girman kai. Ina jin kunya, Orval, kuma ina kewarka.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya sāka maka da alherin kowane rai da ya tsira a ramukan da ka haƙa. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka da jikokinka da dukan jama'ar cocinmu, Ubangiji ya ba su haƙurin wannan rashi. Ke kuma Lorene, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya tsaya miki. Matata tana raye, mijinki yana kabari, kuma ni ne sanadi. Ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya ba, ban ga laifinki ba.