Sunan da na amsa a rajista

Wata Litinin bayan an gama yankan gero, a ƙarshen shekarun saba'in, Baba ya riƙe hannuna har gindin tsamiyar da ake aji ɗaya a ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum. Malam ya buɗe rajista yana kiran suna, yara suna amsawa. Sai na ji ya ce, "Garba." Garba kuwa yayana ne, kuma sati uku ke nan da aka kai shi makwancinsa bayan ƙyanda. Na waiwaya ina neman wanda zai gaya wa Malam. Baba ya matse mini kafaɗa ya ce, "Amsa mana, kai anka kira."

Daga baya na fahimci dalili. An ɗora wa kowane gida ya ba da yaro ɗaya boko, Garba ne namu, Baba kuwa yana tsoron a ce ya ɓoye ɗa a kai shi gaban hakimi. Shi a ganinsa abin bai fi gurbin dawar da ta ƙi fita ba, a ciro wata a dasa. Na zama Garba da safe, da rana in koma Isa mai kiwon awaki da korar tsuntsaye a gona, da yamma a yi langa da ni a ƙofar gida. Inna kuwa ko sau ɗaya sunan bai fito daga bakinta ba. In abokan makaranta suka yi sallama suna neman Garba, sai ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki.

Ina aji biyar na sakandare a Gummi malamin lissafi ya ja miƙaƙƙen layi a allo, ya bar ɗan rami a tsakiya, wurin da lissafin ya ba da sifili bisa sifili. Ya ce idan layi ya taho daga hagu, ya taho daga dama, duka suna nufin wuri ɗaya, to ramin mai gyaruwa ne. Ya ɗiga alli ya cike shi. "Shi ke nan ya ɗinke, ba wanda zai san an taɓa samun giɓi." Na kasa rubuta komai. Ashe abin da aka yi da ni har ƙa'ida gare shi a littafi.

Da hutu na ba Inna labarin tana tankaɗe. Ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce, "Wanga malami naku bai taɓa rasa ɗa ba."

Yau yaro ba ya shiga aji sai da hoto da takardar haihuwa, irin wannan ba za ta yiwu ba. Ni dai takarduna duka Garba ne, 'ya'yana ma da shi suke rubuta sunan uba. Tun da Inna ta rasu, babu sauran mai kirana Isa.