Malam Badaru da Shanun Kakanmu

Mutanen Dakoro har yau suna cewa ba a taɓa yin mai lissafi kamar Malam Badaru ba. Gaskiya ce. Ni Dela ina ƙara da cewa Allah kada ya sake kawo mana irinshi.

Daga Kornaka ya zo, siriri, yatsanshi kullum da ƙura don zane a ƙasa. Shi ke raba gado a yankin nan, kuma bai taɓa cin ko ƙwayar geron kowa ba. Tsoron Allah gare shi har ya yi yawa.

Kakanmu Sallau ya rasu ya bar shanu ɗari da tamanin, da 'ya'ya maza huɗu da mace ɗaya. Kafin a raba, babana ya bi shi. Sai baffa guda, sai gwaggo, kowa da nashi magada. Aka tura garken can Tagriss wajen makiyayi, aka kira Malam.

Innata Hawwa'u ta je ta durƙusa.

"Allah gafarta Malam, an ce tumunina na gadon mijina saniya biyar ne. A ba ni ko ɗaya, yarinyata Baraka ba ta da lafiya, nono take so."

"Hawwa'u, lissafinki daidai ne," in ji shi. "Amma ba saniyar da za ta fita sai na sami adadi guda wanda rabon kowa zai fito cikinshi ba saura. In na ba ki yau, na san ko haƙƙin wane maraya na taɓa?"

Haba! Mu ba marayun ba ne?

Ya share ƙasa gindin itacen aduwa, ya zauna. Damina biyu yana nan. In iska ta shafe, ya sake. In wani cikin dangi ya mutu, adadin ya kumbura, ya sake. Inna ta je sau bakwai. Mu kuwa muna jiƙa 'ya'yan anza, abincin yunwa, muna ci, shanunmu na can suna ƙiba.

A shekara ta uku bushiya, annobar shanu, ta shigo. Cikin wata guda dawa ta cika da mushe. Makiyayi ya dawo da sandarshi kaɗai, yana kuka kamar mace. Baraka ta rasu a satin, baffanmu Jimrau ma haka.

Ranar sadakar uku sai ga Malam da allo a hammata. Wallahi fuskarshi har haske take. Ya yi gaisuwa a gurguje ya juya wa Inna allon.

"Na sami adadin! Zambar ɗari bakwai da ashirin, dubu nake nufi, da ɗari bakwai da ashirin. Ki raba shi biyu, ya rabu. Uku, bakwai, tara, sha ɗaya, sha uku, har sha shida, ba ya barin ko ɗaya. Dubi yadda ya maimaita kanshi, gaba da baya. Naki zambar ashirin da ashirin ne cif."

Inna ta dube shi. Idonta ya bushe tun jiya.

"Na me, Malam?"

"Na garken."

"Wane garke?"

Ya sosa gemu. Na ɗauka kunya ce ta kama shi, har na fara jin tausayinshi. Ashe wani abu ya tuna.

"Af, Hawwa'u, ki gafarce ni. Baraka da Jimrau, wa ya riga wani cikawa? Don in ita ta riga, ya gaje ta, lissafin ya canza."

Na ɗauki taɓarya, mata suka riƙe ni. Inna kuwa ta amsa mashi, murya ƙasa-ƙasa, don ita ba ta iya ƙin amsa wa malami.

"Ita ta riga. Da hantsi, a cinyata."

Ya ce madalla, ya goge allon da hannun riga, ya nemi inuwa a ƙofar gidanmu ya fara daga farko.