Baƙin Mai a Rijiyar Masunci

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Sharafiyya, unguwarmu a Jidda, ranar Alhamis ɗin makon jiya, ni da maiɗakina da mahaifiyata. Unguwa ba ta gama farkawa ba, mai gasa burodin tamis na bakin layi ne kawai ya hura tanderunsa. Na tsaya na sayi guda shida masu zafi da kwanon dafaffen wake, ful. Inna tana kwance a bayan mota tana mita, wai ina ta lodin abinci kamar mai zuwa inda babu mutane. Ai kuwa kusan can ɗin muka nufa.

Wanda bai san motata ba, tsohuwar motar raba burodi ce da mai ita ya gaji da turawa ya sayar mini. Ni kafinta ne a tashar jiragen ruwa, akwatunan kaya nake haɗawa. Da guntayen katakon da ake zubarwa na kafa gado a cikinta, na yi 'yar ma'ajiyar kwanuka, na ɗaure gangar ruwa da risho a kusurwa, na yanka taga na sa mata raga. 'Yan unguwa suna kiranta ɗakin da ya gudu daga gida. Ba ta da gudu, kuma in ta hau tudu sai an yi mata addu'a, amma mutum zai kwana a cikinta ya miƙe ƙafa.

Saboda Inna aka yi tafiyar. Tana yarinya ta baro ƙasar Katagum a ƙafa tare da iyayenta, a hanya ta girma, a Sudan ta yi aure ta haife ni, sannan muka ƙetaro teku. Tun da kuɗin mai ya ɓarke a garin nan, kowa gini yake yi, har tagar ɗakinta ta koma kallon bangon siminti. Ƙafafunta sun kumbura, fita sai da ƙyar. Wata rana ta ce mini, "Kafin in mutu ina so in kwana a inda zan ga sama daga wannan baki zuwa wancan." Na ce mata na san wurin.

Bara na gano shi, lokacin da na fita gwada motar ni kaɗai. Arewa da Jidda ne, bayan an wuce Abhur da nisa, sai a saki kwalta a bi sawun taya a cikin yashi har bakin teku. Kurna ɗaya ce a wurin, da rijiya ɗaya mai ɗan gishiri-gishiri, da bukkar wani tsohon masunci da awakinsa. Kwana biyu na yi. Ya gasa mini kifi, na gyara masa katakon kwale-kwalensa da ya tsage. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce wurin nan gidana ne duk ranar da na so.

Hanyar arewa yanzu ta manyan motoci ce. Siminti, rodi, bututu, duk ana ja zuwa wajen sabon filin jirgin da ake ginawa, ƙura kuwa har cikin haƙori. Mun tsaya a wata gahwa, wato rumfar shayi ta bakin titi, muka karya, irin mai dogayen kujerun igiya da mutum ke hawa kamar zai hau raƙumi. Shayin da na sha a nan bara ya ninka kuɗi, butar kuma ta ƙanƙance. Na yi wa mai gahwar magana, ya nuna mini direbobin da suka cika rumfar, ya ce in ban sha ba akwai masu sha.

Daga nan Inna ta tashi zaune, ta kama bakin taga, baki ya buɗe. Ta ce su a zamaninsu madugu ba ya barin a sauke ko tabarma sai ya nemo mai wurin ya yi masa sallama, ko da kuwa fili ne fetal, don babu ƙasar da ba ta da mai ita, sai dai ba ka gan shi ba. Ba a wanka ko wanki a bakin rijiya. Mai zagayawa ya yi nisa, ya bi inda iska ke tafiya, ya tona ya rufe. Ta ce akwai wani mutum a ayarinsu da ya karya reshen itacen da suka sha inuwarsa, madugu ya sa shi ya yi yini guda yana tafiya a bayan jakuna, ba mai yi masa magana. Maiɗakina ta yi dariya ta ce da yanzu ne da bayan jakunan ya fi gaban cika. Rabon da in ji Inna tana zuba haka har na manta.

Da hantsi muka saki kwalta. Tun kafin mu hango teku wari ya tare mu.

Kurnar na fara gani. An sare duk manyan rassanta na ƙasa, saura 'yan tsiraru a sama, inuwarta ba za ta rufe akuya biyu ba. Gwangwanayen tumatir da na madara a warwatse, ƙasusuwa, fatar rago ta bushe ƙuda na binta. A wuri uku yashi ya yi baƙi ƙirin, faɗin tabarma-tabarma, kuma ɗaya daga ciki ya gangara har gindin rijiya. Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ya san wannan baƙin. Juyen mai aka yi.

Tsohon ya fito daga bukka da sanda. Na sauka da fara'ata na ce, "Salamu alaikum, ya ammi." Ya amsa sallamar, amma hannuna da na miƙa haka ya tsaya a iska.

Da Larabci ya yi maganar, a hankali, ba tsawa. Ya ce mako uku da suka wuce manyan motoci uku suka zo, an kafa musu rumfuna a baya, maza da mata da rediyo. Suka ce kafinta mai ɗaki a mota ne ya kwatanta musu. "Da na ji kai ne, na ba su kifin da na kama ranar duka." Kwana biyu suka yi. Suka yanka rago, itace ya ƙare, suka hau kurna da adda. Da ɗanyen ya ƙi ci, suka tuge sandunan da yake shanya koma. Bayan bukkarsa, inda ya jera duwatsu yake salla, nan suka mayar makewayi. Ya yi magana, wani ya miƙo masa cinyar rago ya ce ya yi haƙuri.

Ya jefa guga a rijiya ya jawo, ya ajiye a gabana. Saman ruwan yana walƙiya, kore da ja da shuɗi. Ya ce awaki sun ƙi sha, biyu da ƙishi ya sa suka sha sun yi ta zawo har ɗaya ta mutu. Yanzu sai ya kora jaki zuwa ƙauye ya ɗebo, tafiyar rabin yini. Kakansa ne ya haƙa rijiyar.

"Ku Takarir," in ji shi, "haka kuke yi a garinku?"

Sunan da suke kiran duk baƙin mutum da ya fito daga yamma ke nan. Tun ina yaro nake jin sa a kasuwa da wurin aiki, kuma kullum ina da amsar da nake mayarwa. Ran nan kuwa abin da ya faɗo mini shi ne wani yammaci a majalisarmu ta ƙofar shago, ina ta cika baki da labarin kifi da iskar teku, har na tsuguna na zana wa maƙwabcina hanyar a ƙasa da tsinke. Direban babbar mota ne a tasha. Ni na nuna masa inda ake sakin kwalta.

Sai na ji ƙofar baya ta buɗe. Inna ce take saukowa da baya-baya, maiɗakina tana riƙe da ita. Ba ta jin Larabci sosai, amma idonta ya gaya mata komai. Ta ja ƙafa zuwa inda gwangwanayen suka fi yawa, ta zauna dirshan a yashi, ta shimfiɗa mayafinta ta fara tsinta tana zubawa a ciki.

Na ce, "Inna, rana. Ki koma ciki, ni zan yi."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Da sunanka aka ci kifin mutumin nan. Ɗauko shebur."

Haka muka yini. Na kankare baƙin yashin ina cika bokiti, ina kaiwa can nesa bayan tudu ina binnewa. Ƙasa da inda na tona ma baƙi ne, man ya riga ya nutse. Maiɗakina ta ɗaure hanci da ɗankwali ta shiga bayan bukka, abin da ta kwashe a can ba zan rubuta shi ba. Muka binne fata da ƙasusuwa, muka loda gwangwanaye a buhu uku muka sa a mota. Na koma kan rijiya ina ja ina zubarwa, guga bayan guga, har tafin hannuna ya sale. Duk wanda na jawo da walƙiyarsa yake fitowa.

Tsohon yana zaune a bakin bukka yana ɗinkin koma, bai sa mana hannu ba, bai hana mu ba. Da rana ta take, ya tashi ya ɗauko wata tsohuwar tabarma ya kafa ta a kan sanduna biyu saitin kan Inna, ya koma wurinsa. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan har la'asar.

Bayan mun yi salla, Inna ta sa na kai ta gabansa. Da guntun Larabcinta na kasuwa ta roƙe shi kwana ɗaya. Ta ce ba za mu hura wuta ba, ba za mu taɓa komai ba, da asuba za mu tafi. Ya daɗe yana kallon ƙafafunta da suka ƙara kumbura. Sannan ya ce, "Ya hajja, ke ba ki da laifi a wurina. Amma in aka hango mota ɗaya a nan yau, gobe uku ne. Na rantse ba mai taya da zai sake kwana a nan. Halas."

Na buɗe baki zan yi magiya, Inna ta daka mini harara. Ta ce mutum ya faɗi hukuncin wurinsa, ba a ja. Ta sa na kwance gangar ruwanmu, ruwan Jidda mai daɗi, na juye masa a tulunansa, muka rage buta biyu. Ya karɓa bai yi godiya ba, ni ma ban ga dalilin da zai yi ba.

Muka juyo kudu muna neman inda za mu raɓa kafin magariba. Wuri na farko mai kyau an zagaye shi da waya. A ciki ga fararen ɗakuna masu taya irin waɗanda ake ja da mota, na Turawan wani kamfani, an jera su tsaf, har da kujeru a bakin ruwa. Mai gadin Bahaushen Sudan ne, ya gaida Inna da ladabi har ƙasa, sannan ya ce ko tsayawa a bakin wayar an hana. Wuri na biyu askari ne, ɗan sandan wurin, ya tare mu. Ya karɓi iƙama, takardar izinin zamana, ya juya ta gaba da baya, ya leƙa cikin mota ya ga gado da risho da buhunan shara, ya ce masunta sun kai ƙara, yanzu ba a barin masu motoci su kwana a gaɓar nan. "Yalla, yalla," yana buga gefen motar da tafin hannu kamar mai korar jaki.

A gahwar da muka karya muka kwana, tsakanin motar siminti da motar rodi. Da gari ya waye na tambayi Inna ko ta runtsa. Ta ce ta dai ga sama, wani ɗan tsiri tsakanin kwanon rumfa da bodin mota, faɗinsa kamar zanen ɗaurin ƙirji. Ta faɗa tana murmushi don kada in ji ciwo, shi ya sa na fi jin ciwon.

Hanyar dawowa ba cunkoso, safiyar Juma'a ce. Buhunan suna ta ƙara a baya duk ramin da muka faɗa, warinsu ya kama katifa. Na zubar da su a jujin bayan gari, muka shigo Sharafiyya ana kiran farko. Sai da muka ɗauki Inna mu biyu muka shigar da ita ɗaki, kuma yau kwana biyar ƙafarta ba ta taka ƙasa ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. Da ina ganin wanda ya sa wa mota gado ya sami 'yanci, duk inda ya ga dama gidansa ne. Ashe baƙo ne shi a ko'ina, baƙon da ba a gayyata ba, mai nauyi, mai zubar da mai. Shi zai tayar da inji ya tafi, mai wurin ne zai zauna da abin da aka bari. Kuma ƙofar da aka rufe saboda mutum ɗaya, a fuskar na bayansa ake rufe ta, ko da tsohuwa ce mai neman kwana ɗaya. Ban sare reshe ba, ban juye mai ba, amma amanar da aka ba ni ni kaɗai na kai ta majalisa na raba don a ce na san wurare.

Bayan an sauko Juma'a na sami maƙwabcin nawa a ƙofar shago yana shan shayi. Na gaya masa duk abin da na gani, ban rage ba. Ya saurara yana kaɗa kofi, sannan ya ce, "Haba Malam, daji ne fa. Daji na wani ne? Mun ma ba tsohon nama." Na ce rijiyar fa? Ya ce ruwan sama zai wanke. A ƙasar da ake shekara ba a ga hadari ba.

Na miƙe zan tafi sai ya kamo hannun rigata. "To tunda can ya lalace, ina kuma ka sani mai kyau? Iyali sun ji daɗin fitar nan, muna so mu koma bayan salla."

Na san wasu wurare biyu. Ɗaya ma ya fi wancan ruwa da inuwa, kuma akwai wata tsohuwa mai tumaki da ke zaune a wurin. Na dube shi ido cikin ido na ce ban san ko'ina ba. Allah Ya yafe mini ƙaryar, don ba ni da niyyar tuba daga ita.