Takardar da na manna a ƙofar gidanmu

Assalamu alaikum masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru shekaruna ashirin da uku, da ƴaƴa biyu, ɗaya a hannu ɗaya a baya, ban cika shekara huɗu da barin Damagaram ba. Muna zaune a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, a hawa na shida na dogayen gidajen nan da hukuma take ba masu ƙaramin ƙarfi haya. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, Faransancina na cefane ne da gaisuwa. Sai dai Allah ya yi ni da lura, ya kuma yi ni da zullumi. Maigida ya samu aikin gini a Paris, yana kwana wajen abokinsa a Sevran, gefen Paris ɗin, sau biyu a wata muke ganinsa. Duk zuwan da zai yi sai na ga ya ƙara ramewa, tafin hannunsa ya tsattsage, hannun rigar sanyinsa ya fara zare. Ba ya ƙorafi, ni kuma ba na iya zama wuri ɗaya.

Ana haka ƙanensa da yake zaune tare da mu ya yi aure ya tashi, ɗakinsa ya zama kango. Kullum sai na buɗe shi, na share, na tsaya ina kallon katifa, na rufe, ba a jima ba na sake buɗewa. A gidanmu ɗaki ba ya zama babu kowa. Baƙin kasuwa sukan sauka wajen mahaifina, shi kuma ya sanar da mai unguwa, ya faɗa a ƙofar masallaci, don kowa ya san wanda ke cikin gida. Baƙon da aka ɓoye shi ake zargi. Da wannan tunanin na ce bari in nemi ƴar haya, in rage wa maigida nauyi, sai komai ya kankama in ba shi labari ya yi murna.

Na goyi ƙaramar na shiga métro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa unguwar Guillotière, shagon wani Alhaji ɗan Chadi da muke buga waya gida a wurinsa. Shi ya rubuta mini takardun sanarwa guda huɗu da Faransanci: ɗakin haya, mace Musulma kaɗai, ga lambar ƙofa, ga lambar waya. Kafin ya miƙo mini ya kalle ni ta saman gilashinsa, ya ce Hajiya ƙarama, maigida dai ya sani ko? Na ce ya sani. Ƙarya na yi, kuma har yau ina jin nauyinta. Na manna ɗaya a shagonsa, ɗaya wajen mai nama, ɗaya a shagon kitso. Ta ƙarshe na kawo ta gida. A ƙasan benenmu akwai allo kusa da ƙofar mai kula da gini, inda ofishin gidaje ke manna sanarwarsu. Ni a ganina mutumin nan shi ne mai unguwarmu. Na ƙwanƙwasa don in sanar da shi yadda ya kamata, ban same shi ba, sai na kafe takardata a tsakiyar allon da ƙusa huɗu, na ma gyara ta don kar ta karkace.

Waya ta fara kuka. Duk da an rubuta mace kaɗai, maza ne suka fi kira. Wani ya tambaya ko ɗakin har da tuwo. Wani ya ce shi ai kusan mace ne tunda ya iya miyar kuka, in taimaka. In ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara sai in janye yara ciki in leƙa ta ƴar huda. Har na yi niyyar zuwa in cire takardun sai wata yarinya ƴar Maradi ta kira, tana karatun jinya. Ta zo da dogon hijabi da gaisuwa irin ta gida, ta durƙusa har ƙasa ta ce mini Yaya. Ta ce ɗakin ɗalibai ya ishe ta da hayaniya, nan ta ji ƙamshin daddawa tun daga matakala. Ta mayar wa masu ɗakin ɗaliban makullinsu ta dawo wurina. Mako uku na samu wadda zan yi hira da ita. Tana yi wa babbar kitso, tana tsokanata cewa ina duba murhu sau uku kamar mai gadin banki.

Sai ga wasiƙa daga ofishin gidaje, irin wadda sai ka sa hannu ake ba ka. Ita na miƙa wa ta karanta mini, ina jin muryarta tana raguwa. An ce yarjejeniyar da maigida ya sa wa hannu ta hana mu ba wani haya ba da izininsu ba, kuma za su iya karɓe gidan. A baya sun liƙa hoton takardata, har hudojin ƙusa huɗun nan ana gani. Na sauka hawa na uku wajen wata dattijuwa ƴar Garwa, ƙafata ba takalmi. Ta saurare ni, ta tafa hannu, ta ce ƴar nan, ke da kanki kika kai musu shaida har ƙofa, saura ki ɗauko maroƙi ya yi shela. Da ta ga hankalina ya tashi sai ta daina dariya, ta ce in kira mijina yanzu, kafin in ƙara yin wata dabarar.

Na kira shi yana kan aiki. Da na gama faɗa masa, sai kawai ya tambaya ko yara sun ci abinci. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya bar aikin kwana biyu ya zo muka je ofishin. Matar da ta karɓe mu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce za su bar mu a gidan, amma baƙuwa ta fita cikin mako guda, mu kuma sa hannu ba za mu sake ba. Muka sa.

Da muka dawo na tarar yarinyar ta riga ta ɗaure kayanta, ai ita ta karanta wasiƙar. Tsakiyar sanyi ne, jarrabawarta saura kwanaki, ɗakin ɗaliban kuma an ba wata. Na riƙe mata akwati ɗaya har tashar bas. Ta ce Yaya ba komai, akwai ƙawarta da za ta shimfiɗa mata a ƙasa, har tana neman in yafe mata. Daga baya lambarta ta daina shiga. Ban san ko ta ci jarrabawar ba.

Gidan yana nan, yarana sun girma a cikinsa, amma wata ce ta biya kuskurena. Ƴan uwana mata da kuka zo ƙasar nan, abin da yake mutunci a gida yana iya zama laifi a nan, kuma kyakkyawar niyya ba ta goge abin da aka sa wa hannu. Kafin ku nemi ɗan haya, ku sa a karanta muku yarjejeniyar gidanku layi-layi, ku nemi izini, kar ku ɓoye wa mazanku. Kada ku ce wa ƴar mutane ta sako makullinta ta zo, alhali ba ku tabbatar kuna da ikon riƙe ta ba. In Allah ya sa tana karanta wannan, ni ce ya kamata in nemi yafiya ranar nan a tashar bas, bakina ne ya kasa.