Sunan da Garba Ya Ɓoye wa Ɗansa

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Garba makwancinsa a Kore Mairuwa. Abokina ne, kuma abokin kasuwancina. Shekara ashirin muka yi muna fasa dilar gwanjo a rumfa ɗaya a Dogon Dutsi. Ni ɗan kasuwa ne, abin da ban taɓa da hannuna ba ba na sa masa farashi. Don haka zan faɗi abin da na gani da wanda na ji kawai, mai karatu ya auna da kansa.

Duk wanda ya taɓa fasa dilar kayan yara ya san rigunan lakwal, wato na 'yan makaranta, na ƙasar Ingila. A wuyan kowace akwai ɗan ƙyalle da uwa ta ɗinke, ɗauke da sunan ɗanta. Mu sauran dillalai ba mu ko kallonsa. Garba kuwa ba ya sayar da riga sai ya sa reza ya cire ƙyallen, ya jefa a wani gwangwanin madara. Cewa yake suna linzami ne, ba zai bar ɗan wani ya fita da linzamin da bai san mai riƙe da shi ba.

Daga nan abin ya zame masa sha'awa. Akwai wani malamin Ingilishi a kwaleji mai littafin sunaye, yakan zo rumfarmu shan shayi. Sai Garba ya zazzage masa gwangwanin a tabarma. Ba ruwansa da su Jon da Pita, baƙin sunaye yake nema. A nan na ji Ridley asalinsa sunan fili ne da aka share a bakin fadama, Selwyn kuma abokin gida. Ranar da malamin ya ce Everard na nufin jarumin aladen daji, Garba ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce ashe Nasara ma sun san dabarar mutanenmu, ta ba yaro mummunan suna don mutuwa ta raina shi.

Dariyar tasa tana da ciwo a ƙarƙashi. Matarsa Hajo ta haifi 'ya'ya maza uku, babu wanda ya kai yaye. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ni na yarda da likita. Amma Hajo ta rantse cewa kowane ɗaya, kwana kaɗan kafin ya kwanta, takan ji ana kiran sunansa da tsakar rana daga wajen tsamiyar bayan gida. Muryar mace ce, a hankali, kamar mai kiran yaro cin tuwo. Uwar Hajo, tsohuwa ce ta Geceme, ta ce doguwa ce, kuma babu sunan da ake raɗawa a ƙasar Arewa da ba ta sani ba. Sun gwada sunan Ajuji a kan na ukun, bai hana ba.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Da aka haifi na huɗu, Garba ya kira ni da liman cikin zaure. Liman ya raɗa wa jariri suna na Musulunci a kunne, aka yanka rago da shi, mu uku kaɗai muka ji. Ko Hajo ba a gaya mata ba, ita ce ma ta roƙi kada a gaya mata. Sannan Garba ya ciro ƙyalle ɗaya daga gwangwanin ya sa maroƙi ya sanar da taro: Elwin. Mutane suka yi ta kallon juna. Shi aka rubuta a takardar haihuwa. Na tambaye shi ma'anarsa, ya ce malamin ya gaya masa tsohon aboki ne.

Yaro ya rayu. Hajo ta ce muryar ba ta daina zuwa ba. Sai dai yanzu jero sunaye take yi ɗaya bayan ɗaya, Abdu, Sani, Mamman, Isa, kamar mai gwada makullai a ƙofar da ba tata ba. Har shekara biyu tana jin haka, sannan aka yi shiru.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. Wata ranar kasuwa, rana ta take, muna ninke riguna, sai Garba ya ɗaga kai wajen dutse ya ce, "Na'am."

Na ce, "Wa kake amsa wa?"

Ya ce, "Ba kai ka kira ni ba, Idi?"

Ban kira shi ba. Sai ya turo mini gwangwanin. Ya ce liman ya riga mu gidan gaskiya, saura ni da shi. In ta Allah ta kasance, kada in faɗi ɓoyayyen sunan sai yaron ya ga ɗan kansa. Bayan kwana tara ya rasu. Zazzaɓi ne, in ji likita. Elwin yana da shekara goma sha ɗaya.

Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da zamanin nan. Abin da yake jiran malami da littafi mako guda kafin ya sani, yau yaro zai latsa waya ya gani kafin ruwan shayi ya tafasa. Ta haka Elwin ya gano abin da ya hana shi sukuni. Ya girma, yana sayar da kayan babur, ya bi samarin nan masu wa'azin Sunna, kuma ban ga laifin tarbiyyarsu a kansa ba. Wata rana ya zo ya miƙo mini waya. An rubuta cewa sunan daga tsohon harshen Ingila yake, wasu na fassara shi tsohon aboki, amma wasu sun ce abokin wasu halittun ɓoye ne na daji, waɗanda mu za mu kira aljanu.

Ya ce, "Baba Idi, shekara ashirin da uku ana kirana abokin aljanu? Ka ba ni sunana."

Na ce alkawari kaya ne, ya jira. Ya yi fushi, wata huɗu bai taka rumfata ba. A watannin nan na sha juya maganar. Shin Garba ya san ɗaya ma'anar ya ɓoye mini? Na san shi a ciniki: wanda ya fi ƙarfinka, yakan ce, ka mai da shi abokin hulɗa. Malamin ya daɗe da barin garin, babu wanda zan tambaya.

Da damina matar Elwin ta haifi namiji. Ranar suna sabon liman ya buƙaci sunan uba don addu'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gaskiya gabana ya faɗi, ni da nake cewa ban yarda da doguwa ba. Amma yaron yana da haƙƙi, kuma sharaɗin ubansa ya cika. Na ja shi gefen zaure da hantsi, na yi bisimilla, na raɗa masa a kunne. Ba zan rubuta shi a jarida ba. Suna ne na annabi, irin wanda kowace unguwa ke da goma.

Na zaci zai yi murna. Sai na ga ya dafa bango.

Ya ce, "Baba, wannan ne?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "Tun ina ƙarami nake jin ana kiran sunan nan da tsakar rana. Ko shekaranjiya na ji, a bayan shagona. Na ɗauka wani ake nema, shi ya sa ban taɓa amsawa ba."

Ban san me zan ce masa na malamai ba, sai na ba shi shawarar 'yan kasuwa. Na ce ya riƙe azkar ɗinsa, kuma duk wanda ya kira shi, ya ga fuskarsa tukuna kafin ya amsa.

Wata biyar ke nan, lafiyarsa ƙalau, ɗansa ma haka. A masallaci da sabon sunan ake kiransa. Hajo kuwa ta toshe kunnenta ranar, har yau Elwin take cewa.

Garba bai bar gida na siminti ba, bai bar mota ba. Ya bar ɗa da ya rayu, da jika mai sunansa, da gwangwani cike da sunayen 'ya'yan mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda ya ƙi bari a taka a kasuwa. Ko dabararsa ce ta yi aiki, ko kwanan yaron ne ke gaba, Allah ne masani, kuma Shi nake roƙo Ya jiƙansa. Ni dai har yau ba na sayar da rigar yaro sai na sa reza a wuyanta. Kuma in rana ta take a kasuwa na ji an ce Idi, sai na waiwaya tukuna.