Yayana Ya Zaci Ina Tsoron Abincin Gidansa

Ina gaishe da masu kula da wannan shafi da duk mai karantawa. A lokacin da abin nan ya faru ni malamin firamare ne a Tambuwal, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da surutu da son abinci. Asalina wani ƙauye ne a ƙasar Kebbe, inda yayana yake noma gonar da mahaifinmu ya bar mana. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, don haka a wurina uba ne. Duk ƙarshen wata nakan hau babur in je gida, a fito mana da kwano ɗaya a zaure, mu ci muna gardama a kan damina.

Sai wani ƙullutu ya fito mini a wuya. Bayan yawon asibiti aka ce ciwon daji ne, aka tura ni Sakkwato, aka yi mini gashi da na'ura na tsawon makonni. Yaya ya bar gona ya zauna jinyata. Na tuna likita ya yi mini dogon bayani kafin a fara, har da maganar baki da haƙora, amma wanda aka gaya wa yana da daji ba ya jin sauran magana. Kai kawai na yi ta gyaɗawa.

Aka gama gashi, aka ce ƙullutu ya tafi, kowa ya yi hamdala. Ni kuwa miyau ya ɗauke mini ƙaf. Harshena ya riƙa liƙewa a ganɗa, a aji ba na kai ƙarshen jimla sai na kurɓi ruwa, in na sa loma sai ta tsaya ta ƙi wucewa. Kaina ya ɗaure. An ce na warke, to wannan kuma mene ne? Wata rana in ce ciwon ne ya dawo ake ɓoye mini, wata rana in ce wani sabo ne. Tsoro ya hana ni tambaya, kunya kuma ta hana ni faɗa, don ban ga yadda ƙato kamata zai buɗe baki ya ce ba shi da miyau ba. Matata kaɗai ta sani, ita ma na ce ta rufe bakinta. Na sayi gorar ruwa, duk inda na sa ƙafa tana hannuna.

Abin da ban sani ba shi ne, tun ina kwance wata gwaggonmu ta baza a ƙauye cewa ciwona ba na Allah da Annabi ba ne, wai wani abu aka sa mini a abinci a gida, don Yaya ya riƙe gona shi kaɗai. Maganar ta je kunnensa, ya haɗiye ta.

Zuwana gida na farko bayan jinya, matar Yaya ta yi mini dambu da zogale saboda ta san shi na fi so, aka kuma gasa zabuwa. Ga mai busasshen baki babu azabar da ta kai dambu. Na sa hannu sau ɗaya, na yi ta tauna kamar mai cin dusa, na haɗiye da ƙyar, na ce na ƙoshi. Yaya ya miƙo mini moɗa, na ce ina da ruwana. Ya ba ni goro, na jefa a aljihu. Ni kuwa ban ga laifin da na yi ba.

Daga nan ya tsiro da wata ɗabi'a. In an ajiye kwano sai ya miƙo hannu gabana ya ɗebi abinci daga wajena ya ci, shi da ya sha marina ina yaro a kan cin gaban wani. Ruwa ma sai ya fara sha ina kallo, sannan ya miƙo. Na rasa gane kansa. Na ɗauka yana nuna mini ne ba ya ƙyamar mai ciwo, hakan kuwa ya ƙona mini rai, don ban taɓa tunanin akwai abin ƙyama a jikina ba. Sai na rage zuwa, na riƙa fakewa da aikin makaranta.

Da na koma asibiti a duba ni, na daure na gaya wa likita. Ya ce ba ciwon ne ya dawo ba, gashin ne ya taɓa wuraren da ke samar da miyau, kuma ya faɗa mini tun farko. Ya ce wani yakan samu sauƙi a hankali, wani kuma haka zai zauna. Ya ce in riƙa kurɓar ruwa, in ci abinci mai laushi da miya sosai, in kula da haƙorana ƙwarai don miyau ne ke kare su. Na dawo da farin ciki, amma ko kusa ban haɗa wannan da Yaya ba.

Bayan girbi wani ɗan kabu-kabu ya kawo mini saƙo, wai Yaya ya ce in zo da dattawa a raba gona kowa ya riƙe tasa. Na kasa fahimta. Nan ne matata ta fashe da kuka, ta gaya mini maganar gwaggo da ta jiyo a wajen wani bikin suna ta ji tsoron faɗa mini, har da cewa matar Yaya ta daina shiga taron mata.

Na tafi ƙauye, na sami Yaya a gona yana ɗaure karan dawa. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce ya dube ni. Na yi ƙoƙarin tofar da miyau a gabansa, babu abin da ya fito. Na buɗe baki ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan kunyar gona ya dafe kai. Ya ce shi duk tsammaninsa na yarda da maganar, shi ya sa yake ci a gabana in ga babu komai a ciki.

Ba a raba gona ba. Yanzu in na je tuwo mai laushi ake yi mini da miyar kuɓewa, ina ci ina korawa da ruwa a gaban kowa. Miyau bai dawo yadda yake ba, na kuma haƙura. Ina kira ga duk wanda za a yi wa gashi a kai ko wuya, ya je da mai saurara masa bayanin likita, ya tambayi abin da bai gane ba, kuma ya gaya wa danginsa abin da ya canza a jikinsa. A wurinmu ƙin cin abincin mutum magana ce, in ba ka faɗi dalili ba wani zai faɗa a madadinka.

Yaya ya ce ya yafe. Amma ranar, da zan hau babur, ya tambaye ni a hankali yadda aka yi na iya barinsa da wannan zargi damina guda, shi da ya share mini amai a asibiti, na kuma ji kunyar gaya masa bakina ya bushe. Har yau ban ba shi amsa ba, don ni ma ban san ta ba.